Ɗinki a Kan Ganyen Shayi

Shagon Baba Tela ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu. Ta gaba tana kallon titi. Ta baya tana fita wani ɗan fili da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, inda famfo yake, da igiyar shanya, da ɗakin da yake kwana. A cikin shagon akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, wanda fentinsa ya goge daidai inda hannun dama yake sauka, da teburin yanka, da dutsen guga, da wani buhu a lungu da ake tara ƙyallaye a ciki. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana ɗinki a wurin.

Ba shi ne telan da ake kai wa ɗinkin yayi ba. Wannan kasuwa ta daɗe da komawa hannun samari masu kekunan lantarki a babban titi. Shi gyara ake kawo masa: wando ya yi tsawo, zif ya mutu, rigar makaranta ta yage a hammata, kwat ta yi wa mai ita yawa bayan jinya. In ya karɓi riga, abu na farko sai ya juya ta ciki waje, ya duba aikin wanda ya ɗinka ta, ya faɗi ra'ayinsa ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Wannan sauri yake yi," zai ce. Ko kuma, "Wannan ya iya, zarensa ne na banza." A wurinsa kowane tela yana da hannu kamar yadda kowa yake da murya. Nasa hannun sananne ne a layin: in ya kai ƙarshen ɗinki sai ya koma baya kaɗan, ya ƙulla sau biyu, ya nutsar da bakin zaren cikin yadi yadda ba mai ganinsa. Yayansa ne ya koya masa haka, da rankwashi, tun suna koyon sana'a.

Matarsa ta rasu bara waccan. Cikin abubuwan da ta bari akwai ciyawar shayi, mai dogayen ganye da ƙamshin lemun tsami, wadda ta dasa a gindin famfo don kada ruwan da ke ɗiga ya tafi a banza. Tana raye ita ke tsinko ganyen, shi nasa shan shayi ne kawai. Bayan ta tafi aikin ya dawo kansa. Kullum da safe yakan yanki ganye kaɗan ya jefa a tukunya, sannan ya jawo kujera kusa da ciyawar, don a nan haske ya fi kyau, ya zauna aikin hannu: ɗaura maɓalli, kalmasa, cike 'yan ƙananan huji. Idonsa ya rage, amma yakan ce yatsunsa suna gani.

Ba ya shan shayin shi kaɗai. Maƙwabcinsa mai aski, wanda kowa ke kira Dogo ko da yake shi ne ya fi kowa gajarta a layin, yakan shigo da kofinsa a hannu ba sallama ba komai, ya zuba, ya kushe shayin, ya shanye, ya ƙara.

A 'yan watannin da suka gabaci wannan labari an samu wasu ƙananan abubuwa. Wata rana Baba Tela ya bar dutsen guga a kunne ya tafi sayen zare, ya dawo ya tarar da bargon tebur ya ƙone. Wata rana ya tsinci almakashinsa a cikin bokitin wanki, bai san yadda aka yi ba. Sannan ya kira wata mai kawo masa ɗinki da sunan mahaifiyarta, wadda ta daɗe da barin duniya. Ga wani, waɗannan abin dariya ne. Gare shi ba haka ba, saboda yayan nan nasa, wanda yake kira Yaya.

Gigin tsufan Yaya da allura ya fara. Da farko bakin aljihun wandon mutane yake ɗinkewa. Daga nan hannun riga, daga nan ya haɗa labule da zanin gado. Ɗinki mai kyau, layi a miƙe, sai dai babu dalili. In an nuna masa sai ya rantse ba shi ba ne. 'Ya'yansa suka rufe shagon, suka rabu da keken, suka ba shi ɗaki a gidan babban ɗansa. A can ya zauna yana murza gefen rigarsa da yatsu biyu har Allah ya karɓi abinsa. Baba Tela ne aka riƙa kai wa kayan yana farkewa, don haka babu wanda ya kai shi sanin yadda abin yake farawa.

Da damina ta yi nisa ciyawar shayin ta yi kauri fiye da kowace shekara. Wata safiya ya miƙa hannu zai yanki ganye, sai yatsunsa suka ji wani a naɗe. Ya ɗago shi. An ninke ganyen a tsaye, gefe ya haɗu da gefe kamar bututu, an kuma kama bakin da farin zare, ɗinki a nan, ɗinki a can, tazara kusan daidai.

Ya taɓa wuyan rigarsa. Allurar da ya ɗaura maɓalli da ita jiya tana nan a soke, da guntun farin zare a hancinta.

Da ya duba ganyen da kyau a ranar, da maganar ta ƙare a nan. Bai duba ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana juya rigunan mutane ciki waje ya kasa ƙura wa wannan ɗinki ido. Ya yanke ganyen da sauri, ya shiga shago, ya cusa shi can ƙasan buhun ƙyallaye. Da Dogo ya shigo ya tarar ba a ko ɗora tukunya ba.

"Yau kuma azumi muke yi, Tsoho?"

"Ka je ka dafa naka."

"Ni da nake taimaka maka kada shayin ya yi kwantai."

Washegari ya sami wasu biyu. Bayan kwana kaɗan, wasu kuma. Duk wanda ya gani sai ya yanke ya kai buhu. Ya yi ta ƙoƙarin tuna lokacin da ya yi wannan aiki, ya kasa, kuma kasawar ce ta fi tayar masa da hankali, don Yaya ma bai taɓa tunawa ba. Sai ya yi dabara. Da yamma in ya tashi daga aiki, sai ya tattara allurorinsa duka ya zuba a gwangwani, ya miƙa wa Dogo ya ajiye masa har safe.

"Ɓarayin allura aka fara yi a layin nan?" in ji Dogo.

"Ka ajiye kawai."

"To ni ma bari in kawo maka tsintsiyata ka ɓoye min, kada su haɗa da ita."

Ganyen bai daina ɗinkuwa ba. Baba Tela ya zazzage ɗakinsa, ya ɗaga katifa, ya lalube aljihuna. A gefen labule ya sami wata tsohuwar allura da ta fara tsatsa. Babu ɗakin telan da za a bincika a rasa irin wannan allura, kuma ya san haka, amma a ranar bai ɗauke ta a haka ba. Ya zauna bakin gado da ita a tafin hannu, ya daɗe.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, tana da shagon kayan roba a ɗaya gefen gari. Kowace Asabar takan zo masa da abinci, ta share ɗaki, ta yi masa faɗa a kan maganin hawan jini. Ta san labarin dutsen guga, ta san na almakashi. A wannan Asabar ta je famfo wanke kofuna, ya ji ruwa yana ta zuba ba a rufe ba. Da ya leƙa ya gan ta tsugune gaban ciyawar. Akwai wani ganye a ƙasa-ƙasa da idonsa bai kai gare shi ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ganye ne."

"Na ga ganye ne. Wa ya ɗinke shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambaya nake yi, Baba, ba faɗa ba."

"Ban sani ba, Uwata. Ban tuna ba."

Ta rufe famfon. Ta goge hannunta da gefen zani, ta goge, ta sake gogewa, alhali ya riga ya bushe. Ita ma ta ga ƙarshen Baba Babba, kamar yadda suke kiran Yaya. Ta sha kai masa abinci a ɗakin nan, ya dube ta ya tambaye ta 'yar wace ce.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kuma ka yi shiru."

"Me zan ce?"

Ta zauna a benci kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a gidansu akwai ɗakin da ke kusa da nasu, yana da taga biyu, jikoki za su riƙa ɗebe masa kewa. Ta ce ba za ta iya barci ba tana tunanin dutsen guga a kunne shi kuma yana ciki. Ta ce Asabar mai zuwa za su zo da maigidanta da mota.

"Keken fa?" ya ce.

"Za mu san yadda za a yi da shi."

Wannan maganar ce daidai aka faɗa a kan keken Yaya. Bai yi musu ba. A ransa ya ga tana da gaskiya, kuma da shi ne a matsayinta abin da zai yi ke nan.

Daga ranar ya daina karɓar aiki. Ya gama wanda ke hannunsa, ya goge, ya ninke, ya aika wa masu shi. Wanda ya kawo sabo sai ya ce ya kai babban titi. Ya shafa wa keken mai, ya rufe shi da zani, abin da bai taɓa yi da rana ba. Ganyen kuwa ya daina yankewa, tun da ba sauran wanda zai ɓoye wa.

Ranar Laraba da hantsi Dogo ya shigo ya tsaya a kansa da kofi a hannu.

"Matar mai kanti ta ce ka mayar mata da labulenta ba ka taɓa ba. Direban nan ya ce ka kore shi da wandonsa. Keke a lulluɓe kamar mara lafiya. Ko dai gado ka ci ba mu sani ba?"

Baba Tela ya gaya masa komai, a taƙaice, yana kallon ƙasa.

Dogo ya ajiye kofin. "Kai da wandona ya shekara a wurinka, yaushe ka sami sararin yi wa ciyawa ɗinki?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Nuna min."

Suka je gindin famfo. Dogo bai sha wahalar sunkuyawa ba. Ya kama wani naɗaɗɗen ganye, ya juya shi dama, ya juya hagu, fara'arsa ta ragu.

"Ɗinki ne kam," ya ce a hankali. Ya ƙara kawo shi kusa da ido. Can sai ya ce, "Amma ka fara ha'inci, Tsoho. Ina ƙulli biyun da ka ishe mu da labarinsu? Ni ban ga ko ɗaya ba."

Baba Tela ya ɗago kai.

A can baya ya farke aljihun da Yaya ya ɗinke ba adadi. Ya farke hannun riga, ya raba labule da zanin gado. A lokacin da Yaya ya manta sunan matarsa, ya manta hanyar banɗaki, bai taɓa manta ƙulli biyu a ƙarshen ɗinki ba. Ko sau ɗaya. Kan ne ya tafi, hannun yana nan yadda yake.

"Ɗauko min reza a kan tebur," ya ce. "Da tsohon tabarau, yana cikin aljihun keke. Kana da madubin nan mai ƙara girman abu?"

Dogo ya kawo duka. Baba Tela ya ɗora tsohon tabarau a kan sabo, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ya sa Dogo ya riƙe madubin a bayan ganyen. Wannan karon bai yanke shi daga jikin ciyawar ba. Ya bi ɗinkin tun daga sama har ƙasa, kamar yadda yake yi wa rigar da aka kawo gyara.

Babu ƙulli, a farko ko a ƙarshe. Babu kuma hujin allura. Zaren bai ratsa ganyen ba sam. A kan fatar ganyen yake manne, kuma a kowane gefe ya baje ya zama siraran gashi masu yawa, kamar saiwa. Ba a yi allurar da za ta yi wannan ba.

Ya sa bakin reza ya tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Ganyen ya buɗe a hankali. A cikin kwarin ganyen ga wata koriyar tsutsa kwance, tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba, launinta ɗaya da ganyen, sai kanta ne mai duhu, babba, a kan siririn wuya. Da haske ya same ta sai ta ja da baya ta ƙudundune.

"Ikon Allah," in ji Dogo. "Ashe da mai gida a ciki."

"Yi shiru. Kada ka motsa."

Suka jira. Wani ya leƙo daga titi yana kiran mai aski, Dogo ya ce masa ya dawo an jima, gashin ba gudu zai yi ba. Can tsutsar ta miƙe. Ta ɗaga kai ta taɓa gefen ganyen na dama, ta kai shi na hagu, ta dawo dama, ta koma hagu, ba gaggawa ba tsayawa. Da farko ba a ganin komai. Sannu a hankali wani farin layi ya bayyana tsakanin gefen biyu, yana ƙara kauri, don zaren daga bakinta yake fita, tana ɗora wani a kan wani. Da ta gama nan sai ta matsa gaba kaɗan ta fara wani. Zaren farko yana bushewa yana tsukewa, gefen ganyen suna matsowa da kansu.

Baba Tela ya cire tabarau ɗaya, ya cire ɗayan. Sai kawai ya zauna a ƙasa cikin danshin famfo, ya jingina da bango.

"Ba ni ba ne," ya ce.

"Ai na gaya maka. Kai ba ka da wannan saurin."

Dariya ta kama Baba Tela, irin wadda ba ta da sauti sosai, kafaɗunsa ne kawai ke rawa, har sai da ya share ido da hannun riga. Da ta lafa ya ce wa Dogo ya ɗora tukunya, yunwa yake ji, rabonsa da cin abin kirki tun Asabar.

Dogo ya ce a kira Uwata a waya yanzu-yanzu.

"In ce mata me? Tsutsa ce ke ɗinki a bayan shagona? Ai yau ɗin nan za ta zo ta ɗauke ni, ba sai Asabar ba."

Kwanakin da suka rage ya yi su ne yana kallo. Ya yaye zanin da ya rufe keke, amma rabin lokacinsa a gindin famfo yake. Ya lura da rana tsutsar ba ta fitowa, tana cikin bututunta inda tsuntsu ba zai gan ta ba. Sai rana ta yi sanyi, gab da magariba, take leƙowa ta ci gefen ganyen da ke sama da gidanta, ta koma. Ba ta barin ƙazanta a ciki, waje take cillo ta. Wadda ta yi girma har gidan ya matse ta sai ta bar shi ta ɗinka wani a ganye mai faɗi. Ya sami wani ganye da aka rufe shi ruf, sama da ƙasa. Ya ɗan buɗe gefe ya leƙa, ya ga tsutsar ta daina kama da tsutsa, ta daskare cikin wani ɓawo mai tsini, ba ta ci ba ta motsi. Ya mayar da ganyen yadda yake, ya kama shi da ɗan zare. Wannan ne kaɗai ɗinkin da ya taɓa yi wa ciyawar, kuma ya ƙulla sau biyu.

Ranar Asabar Uwata ta zo da maigidanta da kwalaye. Idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ta ga keke a buɗe, ta ga wando a ƙarƙashin allura, ta dubi mahaifinta.

"Baba, ai mun yi magana."

"Mun yi. Zo ki ga wani abu tukuna."

Ya kai ta gindin famfo, ya miƙa mata reza. Dogo ya riga ya iso da madubinsa ba wanda ya kira shi.

"Zaɓi wanda kika ga dama. Ke za ki farke da hannunki."

Ta dubi mijinta. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa rungume da kwali, bai san inda zai ajiye ba. Ta tsuguna ta tsinke zaren wani ganye. Da ta ga abin da ke ciki ta ɗan janye hannu.

"Tsutsa ce ta shiga, Baba. Wannan bai nuna..."

"Jira."

Ta jira, don ba ta saba yi masa musu a gaban mutane ba. Surukin ya gaji ya ajiye kwalin ya zauna a kai. Da kan tsutsar ya fara kai-kawo, farin layin ya fara bayyana, Uwata ta karɓi madubin daga hannun Dogo ta riƙe da kanta. Ta ƙura ido har gefen ganyen suka kusa haɗuwa.

"Sauran da na ɓoye miki suna cikin buhun ƙyallaye," in ji Baba Tela. "Ki je ki duba, duk haka suke."

Ta jawo buhun zuwa fili ta zazzage. Ƙyallaye suka zubo, da busassun ganye a naɗe. Daga cikinsu wasu ƙananan abubuwa masu ruwan ƙasa suka tashi fir, da saurin da ido bai iya bi. Biyu suka haye katanga. Ɗaya ya yi tsalle nan, ya yi can, ya sauka a kan ciyawar shayin.

Malam-buɗe-littafi ne, amma ba irin manyan nan masu ado ba. Ƙarami ne, bai fi farcen babban yatsa ba, jikinsa kakkaura mai gashi, idanunsa manya, 'yan ƙahonninsa biyu da lanƙwasa a baki kamar ƙugiya. Da ya zauna sai ya shimfiɗa fukafukan baya, ya ɗaga na gaba rabi, wasu 'yan ɗigo masu haske suka bayyana a jikinsu. Waɗanda suka riga suka daskare kafin a yanke ganyensu ne suka ƙarasa a cikin buhu.

"Wannan ai na san shi," in ji Baba Tela. "Shekara da shekaru yana zama a nan. Na ɗauka irin ƙwarin nan ne masu faɗa wa fitila."

Uwata ta koma benci ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, hawaye da dariya a tare suke.

"Baba, har fenti na sa aka yi wa ɗakin."

"Ba a yi asara ba. A sauki baƙi a ciki."

"Ni in ba mai so, ina so," in ji Dogo. "Taga biyu aka ce, ko?"

Ta jefe shi da ƙyalle. Sannan ta ce yanzu ta tuna, Mama takan tsinke wasu ganye ta yar a bayan famfo tana tsaki, ita ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Amma ba ta saki maganar duka ba. Tsutsa ba ta kunna dutsen guga, in ji ta, ba ta kuma kai almakashi bokiti. Ta ce sai ya bi ta asibiti. Ya amsa tun kafin ta rufe baki, abin da ya ba ta mamaki, don a da sai an yi mako ana lallashi. Likita ya yi masa tambayoyi masu yawa, ya sa ya zana wasu abubuwa, ya duba idonsa. Ya ce mantuwar ba ta wuce ta shekarunsa ba, ya riƙa dawowa ana dubawa, amma akwai yanar ido a idonsa na hagu da ya kamata a cire. An cire. Uwata ta kawo masa dutsen guga irin wanda yake kashe kansa in an bar shi, ta tafi da tsohon don kada a yi gardama.

Shagon yana nan a buɗe. Ciyawar shayin yanzu an raba ta biyu ba tare da an ja layi ba: gefen bango na masu ɗinki ne, ba ya taɓawa, gefen famfo na tukunya. Dogo yana kiran tsutsotsin abokan sana'a, yana kuma ba da shawarar a ba su wandonsa ko a samu a gama. Da hantsi, in rana ta sauko filin, ƙaramin malam-buɗe-littafin yakan zo ya zauna a kan ganye ɗaya da ya zaɓa. Duk abin da ya gifta, ɗan'uwansa ne ko ƙuda, sai ya tashi fir ya kore shi har katanga, ya dawo kan ganyen nan dai, ya gyara zama. Baba Tela yakan dakata da allura a hannu har ya ga ya dawo, sannan ya ci gaba.

Matar mai kanti ta sake kawo labulenta. Ya karɓa, ya juya bayansa, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Wannan sauri yake yi," ya ce. "Bar shi, ki dawo jibi."